Daga Wudil Zuwa Ƙasar Sin: Ƙarfin Ɗan Dambe A Ƙafarsa Yake

Duk wanda ya tsaya a bakin gadar Wudil ya dubi masu kwalekwale da masu ɗebo yashi a cikin kogi, zai lura ba su tsayuwa a miƙe ƙyam. Sukan buɗe ƙafafu, su rusuna gwiwoyi kaɗan, ta yadda ko jirgin ya yi tangaɗi ba su faɗawa ruwa. Wannan tsayuwa da masunta suka koya a bakin aikinsu, ita ce darasin farko da malaman faɗan gargajiya na ƙasar Sin ke ɗora almajiransu a kai, kuma ita ce ke raba gwani da ɗan koyo a fagen damben Hausa.

Samarin ƙasar Kano sun san faɗan Sinawa ta hanyar silima, musamman finafinan Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973, da waɗanda suka biyo baya aka riƙa nunawa a gidajen silima irin su Plaza da Orion. Yau kuwa wayar hannu ta kai wannan kallo har ƙauye. Sai dai abin da ke ɗaukar idon yaro shi ne tsalle da shuri a sama, alhali a makarantun da suka gaji gidan ibadar Shawolin, wanda aka gina a lardin Henan a shekarar 495, ba da wannan ake farawa ba.

Tsayuwa 5 ce tushen karatun, amma 3 daga ciki sun fi shahara. Ta farko ita ce mabu, watau tsayuwar doki. Mutum zai buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗunsa, yatsu na duban gaba, ya sauke ƙugu kamar mahayi a kan sirdi, bayansa a miƙe. Ta biyu gungbu, tsayuwar baka, inda ake lanƙwasa ƙafar gaba a miƙe ta baya, domin ƙarfin naushi ya taso daga diddige ya bi ta ƙugu ya fita ta hannu. Ta uku shubu, tsayuwar wofi, wadda nauyin jiki ke komawa ƙafar baya, ta gaba ta zama sakayau don shuri ko zillewa. Sinawa na da karin magana cewa kudu ta iya naushi, arewa ta iya shuri, kuma akan danganta ƙasƙantacciyar tsayuwar mutanen kudu da zamansu a ƙasar koguna da jiragen ruwa.

To, a nan ne dambe ya haɗu da wannan ilmi. Dambe wasan mahauta ne tun asali, akan kuma buga shi da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Saboda haka ba baƙon abu ba ne a gari irin Wudil, wanda karar shanunta ke cika kowace Juma'a. Ɗan dambe yakan sa ƙafa guda gaba, ya miƙa buɗaɗɗen hannu, watau garkuwa, don auna tazara, ya janye hannun da aka naɗe da zare can baya, nauyinsa na kan ƙafar baya. Sa'ad da zai kai bugu sai ya tura nauyin gaba, ƙugu ya juya. Wanda ya san mabu da gungbu, da gani zai gane su.

Dokar wasan ma shaida ce. A turmi 3 da ake yi, kisa shi ne a kai mutum ƙasa, ko da gwiwa ce ko hannu ya taɓa. Ashe ɗan damben da ya haɗe ƙafafunsa, ko ya gitta su wajen ja da baya, ya kashe kansa tun abokin karawarsa bai taɓa shi ba. Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da hannu ya yi suna, amma babu hannun da ke kisa in ƙafa ba ta kafu ba.

Haɗarin yana ga yaran da ke kwaikwayon abin da suka gani ba tare da malami ba. Tsalle a kan gwiwar da ba ta ƙwari ba, targaɗe ko karaya yake jawowa, kuma saurayin da ya nakasa gwiwa ya rasa noma da dako gaba ɗaya.

Sinawa sun rubuta nasu, sun tsara shi aji aji, har aka kafa ƙungiyar wushu ta duniya a 1990. Namu kuwa yawancinsa yana cikin ƙirjin tsofaffin 'yan dambe. Ya kamata hukumar wasanni ta Jihar Kano da shugabannin mahauta su tara waɗannan dattawa su koya wa yara tsayuwa da taku kafin a naɗa musu zare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.