Kafin A Sayi Injin Yankan Ciyawa

Duk ɗalibin da ya dawo daga dogon hutun damina ya san abin da ke jiransa a makaranta. Ƙarangiya ta kai gwiwa, tafasa da kashin yawo sun rufe filin ƙwallo, sai a miƙa wa kowa langalanga. Mu yi mako biyu muna sara, hannu duk ya yi kanta, ga tsoron kububuwa. Saboda haka da na ji iyayenmu za su tara kuɗi a saya wa makaranta injin yankan ciyawa, na yi murna ƙwarai. Amma na ga ya kamata in faɗi abin da na gani a gidanmu, don kada kuɗin nan ya tafi a banza.

Kawuna yana kiwon raguna a Gidan Katta, yana kai su kasuwar Illela. Yana da wata saura da ya bar wa ciyawa saboda dabbobin. Bara ya je Sakkwato ya sayo wani tsohon inji mai ƙafa huɗu, irin wanda ake turawa, wai ya same shi da araha. Na ce, "Kawu, anya wannan zai iya shiga saura kuwa?" Ya ce, "Kai yaro ne, me ka sani?" Ran da muka gwada shi, sai ƙafafun suka nutse cikin rairayi, suka kasa haye tsofaffin kunyoyi. Ba mu yi taki ashirin ba, wuƙar ta daki kututturen sabara ta lanƙwashe. Ɗan abin da ta yanka kuwa ta niƙe shi ta cuɗa da ƙasa, raguna suka sunsuna suka juya baya. Injin yana nan a zaure har yau, kaji na kwana a kansa.

Dalili shi ne ba don irin wurinmu aka ƙera shi ba. Wani Bature mai suna Edwin Budding shi ya fara ƙirƙiro injin yankan ciyawa a Ingila a shekarar 1830, don aske gajeriyar ciyawa mai laushi a lambuna da filayen wasa. Mai ƙafa huɗu har yanzu aikinsa ke nan, shimfiɗaɗɗen wuri yake so. Mu kuwa a nan ciyawa dukiya ce. Raninmu ya fi wata bakwai, kuma kyasuwa da harkiyar da aka yanka aka shanya da kaka su ke riƙe dabba har ruwa ya sauka. Gamba kuma da ita ake saƙa zana. Injin da ke niƙe ciyawa hasara yake ja mana.

Wanda ya dace da saura da fili mai kwazazzabo shi ne na ratayawa. Doguwar sanda ce ta ƙarfe, inji a gindinta, wuƙa a bakinta. Mutum yana rataya shi a kafaɗa da maɗauri, yana kaɗa shi dama da hagu kamar mai shara. Da yake ba shi da ƙafa, ba ruwansa da rairayi ko kunya. Kai biyu gare shi. Akwai na igiyar roba, wanda ke yanke ciyawa mai laushi a gindin katanga da itatuwa. Akwai kuma wuƙar ƙarfe mai haƙora uku, wadda ke kwantar da doguwar ciyawa a jere ba tare da ta farfasa ta ba, sai a kwashe a ɗaure. In za a saya, a tabbata an haɗo da duka biyun.

Abu na biyu da za a duba shi ne mai. Yawancin waɗannan injuna ana gauraya musu fetur da baƙin mai, kamar ƙaramin janareta. Wani yana son mililita 20 na baƙin mai a kowace litar fetur, wani 40. A karanta takardar da ta zo da shi, don in mai ya yi kaɗan injin zai ƙone. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, dole mai saye ya yi lissafin abin da inji zai sha, ba kuɗin sayensa kaɗai ba.

Na uku, kayan gyara. Kafin a biya kuɗi, a tambayi bakanike a Illela ko yana samun fulogi da igiyar tayarwa da matatar iska na wannan samfurin. Ƙurar hunturu takan toshe matatar, sai an riƙa wanke ta. In sai an je Kano kafin a sami ɗan ƙaramin ƙarfe, to, a zaure injin zai ƙare kamar na Kawu.

Na huɗu, tsaron lafiya. Wuƙar takan harbo tsakuwa da ƙarfi. Mai aiki ya sa tabarau da rufaffen takalmi da dogon wando, kuma kowa ya ba shi tazarar mita 15. Tun kafin a tayar da inji, a bi filin a tsince duwatsu da waya da kwalabe. Babba ne zai riƙe shi, ba ƴan aji ɗaya ba.

Kada kuma a jefar da lauje. Cikin gona tsakanin gero da wake, babu injin da ya kai shi, ba ya kuma shan ko ɗigon mai.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu da malamanmu, kafin a aiki mutum kasuwa, su zaga filin makarantar nan da ƙafa su ga irin ciyawar da ke cikinsa. In an sayi na ratayawa, abin da aka yanka sai a shanya a sayar wa masu kiwo, kuɗin ya sayi fetur ɗin baɗi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Allah ya sa mu dace, amin.