Itacen ɗari: a gama ciniki kafin a sauke amalanke

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, in iskar hunturu ta taso, gida yakan ci itace fiye da na sauran watanni. Ga tuwo, ga ruwan zafi na alwala da wankan yara, ga kaskon wuta na tsofaffi da mai jego. A garuruwan Bazaga, kamar sauran ƙasar Ƙonni, lokacin ne masu jaki da amalanke suke samun kasuwa. Lokacin ne kuma ake yawan jin gardama a ƙofar gida tsakanin mai itace da mai saye. Wannan ya ce an rage masa kuɗi, wancan ya ce an rage masa kaya. Galibi ba wanda ya yi niyyar cuta. An dai yi ciniki da baki, an biya a hannu, babu shaida.

Mu fara da kuɗin kansa. Mu mutanen iyaka ne, sefa da naira duka suna yawo a aljihunmu. Kuma sefa da dala muke ƙirga ta, dala ɗaya tamma 5 ke nan. To, in mai itace ya ce "ɗari biyu", me yake nufi? In dala 200 ce, jika guda ke nan ta sefa. In naira 200 ce, ko kusa ba ta kai haka ba. Canji kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, na safe dabam, na marece dabam.

Wanda ya ba da kuɗi tun kafin a kawo kaya ya fi kowa shiga wannan haɗari. Mun gani a farkon shekarar 2023, sa'ad da Najeriya ta sake takardun naira 200 da 500 da 1000. Mutane da yawa suka ƙi karɓar tsofaffin, sababbin kuma suka yi wuya. Wanda aka biya shi da tsofaffi ya ce ba a biya shi ba, wanda ya biya ya ce shi ya fita. Sai a watan Maris babbar kotun ƙasar ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki, bayan zumunci ya riga ya ɓaci a wurare da dama.

Sai ma'auni. Dami ba shi da tiya. Amalanke ma akwai cika ta gaskiya, akwai ta ido, wadda aka jera manya a sama, ƙirare a ƙasa. Dokar shekarar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara a Nijar ta sa ana sayarwa da awo: tari mai tsawon mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, bisa mita ɗaya. Ba kowane gari ke da irin kasuwar ba, amma igiya mai mita ɗaya ba ta fi ƙarfin kowa ba.

A duba ciki kuma. Ɗanyen itacen sabara ko geza yana da nauyi, yana cika ido, amma hayaƙi ne aka saya. Hayaƙin nan shi ne ke sa wa yara tari da ciwon ido, ya tsananta ciwon ƙirji ga mai girki. Uwargidan da aka kawo wa ɗanye takan koma ga karan gona, gonar kuwa ta kwana tsirara, iska ta kwashe ƙasarta. In kuma an ga ɗanyen gawo a cikin kaya, a mayar da shi, domin itace ne da doka ta hana sarewa, kuma shi ne takin hatsinmu.

Ga inda karatun yaƙi da jahilci yake da rana. Kafin a kwance igiya, a faɗi kuɗin da sunansa, sefa ko naira, a ƙirga shi gaban mutum na uku, a duba takardar da ta yage tun mai kaya bai juya ba. Sa'an nan a rubuta a littafi, da boko ko da ajami: ranar wata, amalanke ɗaya ta busasshen itace, abin da aka biya, abin da ya saura da ranar cikawa. Mai itace ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In magana ta kai gaban mai gari domin sulhu, littafin nan ake fara buɗewa.