Kiɗan Mota da Wutar da Yake Ci

Da daddare a bakin danja ake gane motar da aka cika wa but da sifiku. Ƙarfe na rawa, gilashi na kaɗawa, kuma duk lokacin da ganga ta buga sai fitilun gaba su lumshe su buɗe. Mai motar na jin daɗin abinsa, amma rewaya ya san karatun: kiɗan yana neman wutar da ta fi ƙarfin abin da motar ke samarwa.

Mutane da yawa sun ɗauka batir ne ke ciyar da mota da wuta. Babban aikinsa tayar da inji ne. Da zarar inji ya kama, altaneta ce, wadda bel ke juyawa, take ɗaukar nauyin komai, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe wajen tashi. Batir rumbu ne, altaneta ce gonar. Idan cin gida ya fi noma, rumbun ake taɓawa har ya ƙare.

Altanetar yawancin ƙananan motoci tana bayar da amfiya 70 zuwa 120, kuma kamfani ya riga ya raba wannan wutar. Ƙwan fitilar gaba guda biyu masu wat 55 suna cin kusan amfiya 9. Ga fankar lagireto, ga fankar esi, ga famfon mai, ga na'urar da ke sarrafa inji. Rarar da ta saura ba ta taka kara ta karya ba.

To a kan wannan 'yar rarar ake ɗora amfilifaya. Wadda ke fitar da wat 1,000 na gaskiya, ko da irin ta zamani ce mai tattalin wuta, idan aka ƙure ta tana jan kusan amfiya 90. Tsohon samfuri mai ɓarnatar da kusan rabin wutarsa a zafi yakan haura 120. Gaskiya ne waƙa ba ta jan wannan adadin a kowace daƙiƙa, tana hawa tana sauka, amma bugun ufa, wato babbar sifika, kaɗai ya isa ya haɗiye duk abin da altanetar ƙaramar mota ta tara. Lambobin da ake rangaɗawa a jikin kwali, wat 3,000 ko 5,000, galibi na jan kasuwa ne. Fiyus ɗin da ke jikin na'urar ya fi faɗin gaskiya: mai amfiya 30, a kan volt 14, bai wuce wat 420 ba.

Inda abin ya fi muni shi ne cikin cunkoso. Ƙarfin da aka rubuta a jikin altaneta sai inji na gudu ake samunsa. A silo yakan ragu sosai. Zafi ma yana ƙara rage shi. Sai a kwatanta mota a tsakiyar Kano cikin watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, esi a kunne, fanka na ta juyi, kiɗa na tashi, mota kuwa ba ta motsi. Altaneta na aiki iya ƙarfinta ba hutu, wayoyin tagullar cikinta suna gasuwa, dayod ɗin da ke daidaita wutar suna ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Batirin mota kuma ba a yi shi don a riƙa tatse shi ƙarƙaf ba. In aka maimaita haka, farantan cikinsa sun lalace ke nan.

A nan ake tafka asara. Mota ta ƙi tashi da safe, sai a ɗora wa batir laifi, a sayi sabo. Bayan 'yan watanni shi ma ya bi sahu, a nufi Kofar Ruwa ko Panteka neman altaneta 'yar Beljiyam mai ƙarfi daidai da wadda ta ƙone, alhali kayan kiɗan suna nan yadda suke.

Gwajin ba shi da wuya. Da mita, lafiyayyen batir a motar da ke kashe yana nuna kusan volt 12.6. In an tayar, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. A kunna fitila da esi da kiɗa. Idan ya faɗo ƙasa da 13 ya zauna a can, batir ake ci. Al'adar nan ta cire kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji, abin a daina ne, domin wutar na iya yin tsalle ta ƙone na'urorin motar zamani masu tsada.

Wajen gyara ma akwai ruɗu. Kafasita tana rage lumshewar fitila, amma ba ta ƙara ko amfiya ɗaya. Batir na biyu yana da amfani ga mai kiɗa inji a kashe, sai dai ƙarin baki ne da altaneta za ta ciyar. Abin da ke aiki shi ne a sa altaneta mai ƙarfin da ya dace, a kuma kauraro wayoyi uku: daga altaneta zuwa batir, daga batir zuwa jikin mota, daga inji zuwa jikin mota. A kula da wayar alminiyam da aka shafa wa tagulla, mai arha, domin ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla zalla. Fiyus kuma dole ya zauna dab da batir, kada ya wuce taƙi biyu, in ba haka ba waya ɗaya da ta goge a jikin ƙarfe na iya tayar da gobara.

Masu Adaidaita Sahu sun fi kowa bukatar wannan lissafin, tunda abin cajin Bajaj ko TVS ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da na mota, ga tsaye-tsaye ba iyaka. Motocin kamfen da na talla da ke ɗaukar manyan sifiku kuwa tuni da yawansu suka raba gari da altaneta: janareta suke ɗorawa a baya, kiɗa ya ci wutarsa daban, mota ta ci tata.