Ranar da kalangu ya sha raɓa

Na daɗe ina juye kaset-kaset ɗin mahaifina zuwa kwamfuta. Yawancinsu na Shata ne da Ɗan Maraya Jos. Asalin sautin ina adana shi yadda yake, sannan in matse kwafi zuwa MP3 saboda waya. Wata rana na sabunta manhajar da nake matsewa da ita, na sa abin sauraro a kunnuwana, na kunna waƙar da na sani kamar yunwar cikina. Kalangun ya canza. Bugun yana nan, amma kafin gula ta sauka sai in ji wani ɗan huci yana riga ta, kamar fatar ta kwana a raɓa. Girman fayil bai canza ba, ban taɓa saiti ko ɗaya ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin na ɗauka duk sabon fitowa ya fi na baya.

Sautin faifan CD yana cin kilobit 1,411 a daƙiƙa, wato kusan megabait 10 a minti guda. MP3 mai kilobit 128 yana cin kusan megabait 1. Sauran an zubar, kuma ba ya dawowa. Dabarar ita ce a zubar da abin da kunne ba zai nema ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa ya san raɗa ba ta isa kunne a wurin. Haka babban sauti yake danne ƙaramin da ke kusa da shi, sai manhaja ta ɓoye kurakuranta a ƙarƙashinsa.

Ƙa'idar MP3, wadda aka fitar a 1993, ta fayyace yadda za a karanta fayil ne. Yadda za a zaɓi abin zubarwa kuwa, an bar wa kowane mai rubuta manhaja. Shi ya sa manhajoji biyu za su ba ka kilobit 128 iri ɗaya, ɗaya tas, ɗaya kamar ana kiɗa a ƙarƙashin ruwa. Karlheinz Brandenburg, ɗaya daga cikin injiniyoyin Jamus da suka ƙirƙiro MP3, ya yi ta maimaita waƙar Suzanne Vega mai suna Tom's Diner, murya zalla babu kiɗa, domin a nan ne kuskure ba shi da maɓoya.

Hucin da na ji yana da dalili. Manhaja tana yanka sauti gutsi-gutsi, kuma kuskuren matsewa yana bazuwa cikin gutsuren gaba ɗaya. Idan shiru ne a farkonsa, bugu a ƙarshensa, kuskuren zai malala cikin shirun, ka ji shi kafin bugun. Maganinsa a MP3 shi ne a sauya daga dogon yanki mai samfurin sauti 576 zuwa gajeru uku masu 192. Amma gajerun suna cin wuri, kuma ba sa yi wa sauti mai ja, irin na goge ko sarewa, adalci. Dole wani ya sa iyaka: daga wane ƙarfin bugu za a sauya? Ka matsa da ita nan, kalangu ya gyaru, goge ya fara rawa. Ka mai da ita can, goge ya natsu, tafi ya dagule. Irin waɗannan iyakoki suna da yawa, kuma suna jan juna. Mai gyara ya warware matsalar waƙa ɗaya da zuciya ɗaya, ya yi gyaran gangar Auzinawa a wata waƙar da bai taɓa ji ba.

Manhajar matse MP3 mai suna LAME, wadda Mike Cheng ya fara a 1998, ta ga wannan. Masu kunnen basira sun gwada fitowar 3.90.3 ciki da bai, suka amince da ita, suka riƙe ta shekaru alhali sababbi suna ta fitowa. Sai wajen 3.97 yawancinsu suka yarda suka matsa gaba. Ina ganin sun yi daidai, domin lamba mafi girma ba shaida ba ce. A ɓangaren Vorbis ma, wani tsarin matse sauti daban da MP3, gyare-gyaren wani ɗan Japan da ake kira Aoyumi sun yi kyau har aka shigar da su cikin ainihin manhajar a 2004.

Shaidar da masu kunnen basirar suke karɓa ita ce gwajin ABX. A shi ne asali, B matsattse, X kuma ɗaya daga cikinsu ne da kwamfuta ta ɓoye. Ka saurara, ka faɗi wane ne. Idan ka dace sau 12 cikin 16, yiwuwar a ce sa'a ce kawai ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Gwajin yana da muhimmanci saboda kunne yana bin zuciya. Ka gaya wa mutum wannan ne sabo, nan take zai ji ya fi daɗi.

Na yi gwajin da dare, bayan unguwa ta yi tsit, da daƙiƙa goma na kalangun. Sabuwar fitowar na gane ta sau 14 cikin 16. Tsohuwar kuwa na kasa raba ta da asali. Da na koma kan kuntigin Ɗan Maraya, duka biyun sun ɓace mini. Ashe ba komai sabuwar ta ɓata ba, bugu mai kaifi kaɗai ne.

Na mai da tsohuwar domin waƙoƙin kalangu, na sake matse su daga asalin da na adana. Da MP3 ɗin kawai nake da shi, da hucin ya zauna daram, domin sake matse matsattse ƙara masa lahani yake yi. Gutsuren nan na daƙiƙa goma yana cikin wata jaka ta daban a kwamfutata, kuma shi nake fara kunnawa duk ranar da manhajar ta ce in sabunta.