Tsohuwar batirin kiɗa: abin da mai saye zai duba kafin ya biya

A bukukuwan Yamai, Maraɗi da Damagaram, inda ƴan gita ke wasa, akwai wani makaɗi da ke zama can baya, ganguna da faya-fayan tagulla sun kewaye shi, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki. Wannan tarin ganguna shi makaɗa ke kira batiri. Sabuwa tana da tsada, shi ya sa da yawa ke neman ta okaziyon cikin kayan Turai da ke shigowa ta tashar ruwan Lome. A cikinsu akan dace da ganguna na shekarun 1960 da 1970, waɗanda masana ke nema ruwa a jallo saboda amonsu. Akan kuma dace da tarkace mai ɗauke da babban suna.

Sunayen da ke ɗaga farashi sanannu ne: Ludwig, Gretsch, Rogers da Slingerland na Amurka, Premier na Ingila, Sonor na Jamus, sai ASBA na Faransa wanda ya rufe a 1983. Ludwig ya yi tashe ne bayan Ringo Starr na ƙungiyar Beatles ya kaɗa gangunansa a talabijin ɗin Amurka a 1964. Ana gane zamaninsu da ƴar alamar ƙarfe da ke manne a jiki: ta farko ruwan tagulla ce, daga wajen 1969 aka koma mai shuɗi da kore. Da yawa daga cikin na shekarun 1960 suna da kwanan wata da aka buga da hatimi a cikin ciki.

Sai dai alama aba ce da ake cirewa a maƙala wa wata ganga. Wani ƙaramin zobe ne ke riƙe da ita a bakin hudar iska. In aka leƙa daga ciki aka ga zoben a lanƙwashe ko da shaidar filaya, to an taɓa ta. Haka kuma a wancan zamani masana'antun Japan sun ƙera ganguna masu araha da wani sassauƙan itacen Filifin, suka kwaikwayi siffar na Amurka, aka sayar da su da sunaye barkatai. Suna yi wa mai koyo aiki, amma bai kamata a biya su kuɗin Ludwig ba.

Babban tarkon da ya fi shafar mai saye a Nijar shi ne awo. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 fatar roba ta fara maye gurbin fatar maraƙi, kuma ana yin ta ne a kan awon inci na Amurka: 12, 13, 14, 16, 20, 22. Wasu tsofaffin gangunan Turai, musamman na Premier kafin ƙarshen shekarun 1960 da na ASBA na farko, ba a kan wannan awo aka yi su ba. Bambancin ƴan milimita ne, ido ba ya gani, amma fatar yau ba ta zama a kansu. Ana yin fatu na musamman dominsu, sai dai odar su ake yi daga waje. Fata kuwa dole ta fashe wata rana, kuma makaɗin da tasa ta fashe ranar Juma'a alhali yana da biki ranar Asabar ba zai jira saƙo daga Faransa ba. Dabarar ita ce a je ciniki da fata ta zamani a hannu, a ɗora a kan kowace ganga. In ta zauna tana juyawa ba da ƙarfi ba, awo ya yi.

Daga nan sai jikin gangar, wanda shi ne ainihin abin da ake saye. A kwance fata, a auna faɗin baki da mita ta fuska biyu ko uku. In awon ya saɓa sosai, gangar ta karkace, kuma ba za ta taɓa ɗauruwa daidai ba. A kife ta a kan gilashi ko wani abu mai sumul, a sa tocila a ciki: duk inda haske ya fito da yawa, bakin ya cinye. Jikin siraran faifan itace ne da aka manne da gam, kuma zafin bazara da bushewar hunturu suna raba su, balle in gangar ta daɗe a kwantena ko ƙarƙashin rufin kwano. Garin itace a ciki alamar ƙwaro ne. Hudojin da wani ya ƙara don ɗaura ƙarfen da ba nata ba suna rage mata daraja ƙwarai, ko da ba su ɓata amo ba. Mai sayarwar da ya ƙi a kwance fata, akwai abin da ba ya so a gani.

Ƙarafa ba su kai haka damuwa ba. Tsatsa a sama tana fita, mai walda yana gyara ƙafar da ta karye, abin taka babbar ganga kuma ana iya canza shi. Amma a ƙirga kunnuwan ƙarfe da ƙusoshin ɗaure fata, don na tsohon kamfani wuyar samu gare su. A ƙaramar ganga mai tsarkiya, a gwada hannun da ke ɗaga wayoyin ƙasa yana sauke su.

Faya-fayan tagulla kuwa, irin su Zildjian da Paiste, wani lokaci sun fi gangunan duka kuɗi. A bi gefensu da farce a ji ko akwai tsaga, a duba hudar tsakiya ko ta ci ta zama doguwa. Tsaga tana ƙara tafiya ne da kowane bugu, kuma walda ba ta maido da amon.

Kafin a yi tayi, a haɗa kuɗin sababbin fatu na sama da ƙasa, da na ƙarafan da suka ɓace, da na duwan in kayan ba su riga sun shigo ba, a cire jimillar daga farashin da mai kaya ya faɗa.