Kafin Ka Hau Cikin Silin

Yoyon kwano da damina, ko wayar wuta da ɓera ya gwaguye, su ne kan sa mutum ya shiga tsakanin rufi da silin. Ya kamata ya san cewa silin ba daɓe ba ne. Na POP ne, ko PVC, ko asbestos na tsofaffin gidaje, babu wanda zai ɗauki nauyin mutum. Ƙananan katakan da ke riƙe da shi ma ba abin dogaro ba ne. Manyan da suka ratsa daga bango zuwa bango ake takawa, su ma sai an ƙwanƙwasa an saurara, domin gara kan cinye cikin katako ta bar bayansa sumul. Ya fi kyau a gitta faffaɗan falanki a kan guda biyu, a yi aiki a durƙushe, ana lura da ƙusoshin kwano da suka leƙo ta sama.

A kashe babban makunnin wuta, da janareta da inbata. "Ai an ɗauke wuta" ba hujja ba ce, ana iya dawo da ita hannunka na kan waya.

Da bazara zafin ƙarƙashin kwano na iya sumar da mutum, don haka a hau da sassafe. A sa takunkumi da safar hannu: fitsari da kashin ɓera na yaɗa zazzaɓin Lassa, ƙurar fasasshen asbestos kuma na lalata huhu. A ɗaura tocila a goshi, a bar wani a gindin tsani yana jin motsinka.