Murar da ke Kashe Kaza Ta Ƙyale Agwagwa

Idan murar tsuntsaye mai tsanani ta shiga akurki, kwana biyu ya isa kaji su zube. Amma agwagwar daji, wadda ita ce asalin maɓoyar wannan cuta, sau da yawa tana ɗauke da ita a hanji, tana zubar da ita a ruwa ta kashi, tana kiwonta lafiya lau.

A shekarar 2010, masu bincike ƙarƙashin Katharine Magor ta Jami'ar Alberta a Kanada suka gano wani ɓangare na dalili. Agwagwa tana da wata ƙwayar gado mai suna RIG-I, kaza kuwa ba ta da ita. Aikin sinadarin da wannan ƙwaya ke samarwa kamar na ɗan sintiri ne a cikin tantanin jiki. Da zarar ya ci karo da baƙon sinadarin gado (RNA) na bairas, sai ya kai labari ga wani sinadari mai suna MAVS, shi kuma ya tayar da wasu, har tantanin ya fitar da sinadarin intaferon. Intaferon ɗin ke bin maƙwabta yana gargaɗinsu su hana bairas hayayyafa. Duk wannan yana kankama cikin sa'o'i, tun cutar ba ta yi kaka-gida a huhu ba. Da masanan suka dasa RIG-I ta agwagwa a tantanin kaza, sai yaɗuwar bairas ɗin ta ragu.

Kaza ma tana da nata mai gano bairas, MDA5, don haka ɗora dukkan bambancin a kan ƙwaya ɗaya gaggawa ce. Kuma garkuwar agwagwa tana da iyaka: wasu nau'o'in bairas ɗin murar tsuntsaye na H5N1 suna kashe ta. Agwagwar gida mai jan nama a fuska, wadda aka fi kiwo a wajenmu, jinsinta daban ne, daga nahiyar Amurka ta samo asali, kuma gwaje-gwaje sun nuna ta fi jikokin agwagwar daji jin jiki.

Abin da ya fi shafar mai kiwo shi ne juriyar tana ɓoye cuta. Tsuntsun da bai kwanta ba, ba wanda zai keɓe shi, kuma kasko ɗaya yake sha da kaji. A watan Fabrairun 2006 da H5N1 ta ɓulla a Jihar Kaduna, kafin wata ya ƙare an tabbatar da ita a Magariya ta Nijar, a jikin agwagin gida.